Tsofaffin wuƙaƙen farauta: Yadda masu tara su ke rarrabe ta asali da jabu

A Amurka da Ingila akwai mutanen da ke kashe maƙudan kuɗi wajen sayen tsohuwar wuƙar farauta, ba don yanka ko fiɗa ba, sai don adanawa, kamar yadda wasu ke adana tsofaffin kuɗi da littattafai. Harkar tana da dillalanta da gidajen gwanjonta, tana kuma da 'yan damfararta. Abin da aka fi rububi a kai shi ne ƙirar farko, wato wuƙaƙen da aka yi kafin samfurin ya yi suna ya cika kasuwa.

Uwa a wannan fage ita ce wuƙar Bowie. Ta samo sunanta daga Jim Bowie, wanda a ranar 19 ga Satumban 1827 ya shiga wani faɗa a kan yashin kogin Misisipi kusa da garin Natchez. An harbe shi, an soke shi, amma ya kashe abokin gabarsa da wata ƙatuwar wuƙa. Da labarin ya bazu a jaridu, sai kowa ya shiga neman irin wuƙar Bowie. Abin mamaki, waɗanda suka fi cin ribar wannan suna ba Amurkawa ba ne. Maƙeran birnin Sheffield na Ingila ne suka riƙa ƙera ta da yawa suna aikawa ta jirgin ruwa, ciki har da gidan George Wostenholm mai tambarin I*XL da gidan Joseph Rodgers mai tambarin tauraro da gicciye. Har kalaman kishin ƙasa na Amurkawa sukan zana a jikin wuƙar don jan hankalin mai saye.

Tambarin da ke gindin ruwan wuƙa, daf da mariƙi, shi ne abin da gwani ke fara dubawa. A 1890 Amurka ta yi dokar haraji ta McKinley, wadda ta tilasta rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito, ta kuma fara aiki a kan wannan a 1891. Saboda haka wuƙar Sheffield mai ɗauke da kalmar "England" galibi bayan wannan shekara aka yi ta. Rashin kalmar kuwa alama ce kawai, ba hujja ba, domin wadda aka yi don kasuwar cikin gida ba dole ne ta ɗauke ta ba. Wasu maƙeran kan buga kambi da haruffan sarkin zamaninsu: WR na nufin Sarki William na Huɗu, daga 1830 zuwa 1837, VR kuma Sarauniya Victoria, daga 1837 zuwa 1901. Shi ma ƙarfen yana ba da shaida. Sai a 1913 Harry Brearley ya gano ƙarfe mara tsatsa a Sheffield, don haka duk wanda ya kawo maka wuƙar irin wannan ƙarfe ya ce ta zamanin Bowie ce, ka riƙe kuɗinka.

Wuƙar Bowie ta fi kusa da makami. Wadda ta kafa siffar wuƙar farauta ta zamani ita ce Ideal, wadda Webster Marble ya fito da ita a garin Gladstone na jihar Michigan a ƙarshen ƙarni na 19. Gajeriya ce, mai kaurin baya, an yi mariƙinta da zobban fata da aka jera aka matse. A nan ma suna ne ke faɗin shekaru: waɗanda aka buga wa M.S.A. Co. sun fito ne lokacin da kamfanin ke amsa sunan Marble Safety Axe, kafin ya sauya suna a 1911, kuma su aka fi nema. Bayan su akwai aikin hannu na William Scagel, shi ma a Michigan, wanda wuƙarsa ce ta zaburar da Bo Randall ya fara tasa ƙirar a Orlando a ƙarshen shekarun 1930.

Kuskuren da ya fi jawo wa sabon shiga asara shi ne gyara. A wurinmu wuƙa mai ƙyalli da kaifi ita ce mai daraja. A wurin masu tarawa, dushewar da shekaru suka bar wa ƙarfe ita ce shaidar tsufa. Wanda ya kai ta wurin mai wasa aka goge ta tas, ya share tambari da zane, ya zubar da mafi yawan kuɗinta. Ɗan mai kaɗan da wuri busasshe sun wadatar, kuma ba a barin ta cikin kube tsawon lokaci, domin fata na riƙe danshi. Amma kuben asali ba abin yarwa ba ne, yana ƙara farashi ƙwarai.

'Yan jabu kan ɗauki tsohuwar wuƙar mahauta su sake mata siffa, ko su buga tambarin fitaccen maƙeri a kan sabon ƙarfe su tsufar da shi da sinadari. Akwai kuma matsalar mariƙin hauren giwa, wanda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989 a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ta yadda ko tsohon kaya sai da takardu yake ƙetare iyaka.

Wuƙaƙe da takubban da maƙeranmu suka yi wa mafarauta, dukawa suka ɗinka musu kube, mafi yawansu ba su da tambari, don haka tarihin gidan da aka gada shi ne takardarsu. Ya kamata 'yan kasuwa su sani cewa dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ba a sayar da shi sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fitar da shi daga Najeriya sai da izininta.