Gaskiya Tsirara Ko Kawaici: Yadda Salon Gyara Yake Shafar Ribar Ma'aikata

KONTAGORA, Jihar Neja — A kowace ma'aikata, tun daga shagon mai sayar da hatsi har zuwa reshen banki, akwai lokacin da ya zama dole wani ya gaya wa wani cewa aikin da ya yi bai yi kyau ba. Yadda ake faɗin wannan magana, da kuma ko ana faɗinta ma, yana cikin abubuwan da ke shafar riba da hasarar kamfani.

Garin Kontagora, wanda Umaru Nagwamatse ya kafa a ƙarni na 19, mahaɗa ce ta fatake da manoma da ma'aikatan gwamnati, inda ake ɗora masara da wake da dawa zuwa kudancin ƙasar nan. A 'yan shekarun nan harkokin garin sun ƙara dogara ga na'ura mai ƙwaƙwalwa: masu cirar kuɗi da POS sun cika bakin kasuwa, ɗalibai suna rubuta jarrabawar JAMB a kan kwamfuta tun daga 2015, matasa kuma suna koyon rubuta manhaja. A irin wannan aiki kuskure ba ya tsayawa inda aka yi shi. Sifiri ɗaya da aka ƙara a lissafi yana iya bin waya ya isa asusun mutane da dama kafin a farga.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce ta masu faɗin magana gaba-gaɗi. Hujjarsu ita ce gaskiya ɗaci gare ta, kuma wanda ya tsaya shafa mata zuma sau da yawa yakan ɓatar da ita gaba ɗaya, har wanda ake yi wa gyara ya tashi yana zaton yabonsa aka yi. Hanya ta biyu ita ce ta kara da kawaici, wadda ta fi rinjaye a ƙasar Hausa. Masu bin ta suna ganin cewa magana zarar bunu ce, kuma mutumin da aka ci wa fuska a gaban jama'a ba zai ji gyaran ba, zafin kawai zai riƙe.

A mahangar tattalin arziki, gyara wani nau'i ne na bayani, kuma darajar bayani tana raguwa gwargwadon jinkirin isarsa. Misali, idan mai awo ya lura cewa buhunan masarar da ake ɗinkewa ba su gama bushewa ba, faɗin haka a rumbu ba zai ci komai ba illa ladan 'yan dako da za su sake shanyawa. Idan ya yi kawaici saboda kunyar uban gidansa har mota ta isa Ibadan, to hasarar ta haɗa da kuɗin mota, da kayan da suka yi fumfuna, da kuma amincin mai saye, wanda ya fi komai wuyar dawowa. Haka kuma idan uban gida ya saba da zagin duk yaron da ya kawo masa labari maras daɗi, yara za su koyi yin shiru, hasarar kuma ta zo daidai da ta farko. Ke nan tsananin zafi da tsananin kunya duk wuri ɗaya suke kai ma'aikata: mai yanke shawara ya zauna cikin duhu.

Darasin aikin gwamnati

Nijeriya ta taɓa gwada sauya wannan al'ada da ƙarfin doka. Kafin shekarun 1970, rahoton sirri ake rubutawa a kan ma'aikacin gwamnati, tsarin da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Shugaba yana iya rubuta duk abin da ya ga dama, ma'aikaci kuwa ba ya gani, sai dai ya ga ƙarin girma ya wuce shi. Hukumar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972 ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, an fi tunawa da ita saboda ƙarin albashi, amma tana cikin shawarwarinta cewa a riƙa auna ma'aikaci a fili. Daga nan aka sami fom ɗin APER na shekara-shekara, wanda ma'aikaci yake ganin abin da aka rubuta a kansa, ya kuma sa hannu.

Tsarin ya rage zaluncin ɓoye, amma ya haifar da wata matsalar. Da yake shugaba da na ƙasa da shi suna haɗuwa a masallaci da wurin suna da jana'iza, ballantana a gari irin Kontagora inda kowa ya san gidan kowa, sai yawancin shugabanni suka koma ba kowa maki mai yawa domin a rabu lafiya. Sakamakon haka fom ɗin ya kasa bambanta mai ƙwazo da malalaci. Wannan na cikin dalilan da suka sa Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, ƙarƙashin shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, ya shiga maye gurbin APER da tsarin da ake auna mutum bisa ayyukan da aka amince tun farkon shekara zai kammala.

Sashen bankuna ma ya biya nasa farashin. A watan Janairu na 1998 an soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda, kuma a watan Agusta na 2009 Babban Bankin Nijeriya ya sauke shugabannin bankuna biyar tare da zuba musu Naira biliyan 420. A lokutan biyu, basussukan da ba a biya ba, waɗanda manya da makusantansu suka ci, suna kan gaba cikin abubuwan da aka gano. Irin waɗannan basussuka sai sun bi ta teburin ma'aikata da dama kafin kuɗi ya fita, abin da ke nuna yawan idanun da suka gani ba tare da an taka burki ba.

Abin da masu rubuta manhaja suka gano

Babu sana'ar da ta ɗauki gyara da muhimmanci kamar rubuta manhaja, domin a kamfanoni da yawa ba a karɓar aikin mutum sai wani abokin aikinsa ya bi shi layi-layi. Wani injiniyan kamfanin IBM, Michael Fagan, ya wallafa tsarin irin wannan bita a 1976. Tun kafin nan, a 1971, Gerald Weinberg ya ja hankalin masu sana'ar cewa kada mutum ya ɗauki aikinsa tamkar jikinsa, har ya ji an soke shi idan an soki aikin.

Shahararren misali na ɓangaren masu zafi shi ne Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland wanda ya ƙirƙiro Linux a 1991, manhajar da aka gina Android a kanta, wato abin da ke tafiyar da yawancin wayoyin da ke aljihun jama'a. Ya yi shekaru yana mayar wa masu kawo aiki maras kyau amsa mai ƙuna, wani lokaci har da zagi, magoya bayansa kuma suna cewa hakan ne ya kare ingancin aikin. Sai dai wasu ƙwararru sun janye hannunsu saboda wannan hali. A watan Satumba na 2018 ya fito fili ya nemi gafara, ya tafi hutu na kimanin wata guda, aka kuma kafa ƙa'idar mu'amala tsakanin masu aikin. Abin lura shi ne ba a sassauta sharuɗɗan karɓar aiki ba. Harshen da ake mayar da shi kaɗai aka gyara.

Bincike ya goyi bayan wannan rarrabewa. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara sakamakon nazarce-nazarce masu yawa, suka gano cewa gaya wa ma'aikaci matsayin aikinsa yakan inganta aikin a mafi yawan lokuta, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin ƙara lalacewa ya yi. Bayanin da suka bayar shi ne amfanin gyara yana raguwa idan hankalin mutum ya tashi daga kan aikin ya koma kan kare kansa. Har ila yau, binciken da kamfanin Google ya fara a 2012 a kan rukunonin ma'aikatansa kimanin 180 ya nuna cewa babban abin da ya bambanta rukunin da ya fi nasara shi ne kowa yana iya yin tambaya, ko ya amsa kuskurensa, ba tare da tsoron a muzanta shi ba.

Kayan aikin da ke gida

Al'adar Hausawa ba ta rasa hanyar haɗa gaskiya da mutunci ba. Karin maganar nan da ke cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba ta riga ta raba aiki da mai aikin. Malaman addini ma sun daɗe da bambanta nasiha da tozartawa, har Ibn Rajab, malamin ƙarni na 14, ya rubuta ɗan littafi a kan wannan bambanci kaɗai. A fada da kasuwa akwai al'adar keɓewa da mutum, da aika dattijo ko aminin mai gida ya isar da abin da yaro ba zai iya furtawa ba. Matsalar ita ce waɗannan hanyoyi suna cin lokaci, kuma saƙon yana iya narkewa a hanya.

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji kaɗan. Na ɗaya, a ambaci kuskuren da sunansa: wane shafi, wane adadi, wace rana, domin cewa "a ƙara ƙoƙari" ba ya gyara komai. Na biyu, a tsaya a kan aikin, a bar zancen halin mutum ko asalinsa. Na uku, a zaɓi wuri: gyaran mutum ɗaya a keɓe, amma kuskuren da ya shafi kuɗin jama'a ko lafiyarsu a faɗe shi nan take ko da waye a wurin. Na huɗu, a mayar da bita al'ada ta kowa da kowa, har da manaja, domin abin da ake yi wa kowa ba ya zama cin fuska. Na biyar, shugaba ya fara da amsa nasa kuskuren, ya kuma gode wa wanda ya nuna masa, tunda na ƙasa suna kallon abin da ya sami mutum na farko da ya buɗe baki kafin su yanke shawarar buɗe nasu.

Ga ƙananan masana'antu da shaguna da ofisoshin Kontagora, waɗanda jarinsu bai kai ya jure babbar hasara ba, wannan gyara ba ya bukatar rancen banki ko sabuwar na'ura. Abin da yake bukata shi ne mai gida ya ware lokaci a kowane mako da za a zauna a duba aiki, ya kuma tabbatar cewa wanda ya kawo labarin ɓarna da wuri bai yi nadamar kawowa ba.