Wi-Fi a makarantun 'ya'yanmu: amfaninsa da abin da ya kamata iyaye su tambaya

A 'yan shekarun nan maganar Wi-Fi ta shigo tarurrukan iyaye da malamai, daga Nima da Mamobi a Akara har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi. Wasu na ganin ɓarnar kuɗi ce, wasu kuma suna tsoron ta ɓata tarbiyyar yara. Tunda daga aljihunmu gudummawar za ta fito, ya kamata mu san abin da ake nema mu saya.

Wi-Fi hanya ce ta raba intanet ba tare da an ja waya zuwa kowace kwamfuta ba. Makaranta takan sayi layi ɗaya daga kamfani irin su MTN ko Telecel, a haɗa shi da wani ƙaramin akwati da ake kira rauta. Akwatin yana watsa intanet ɗin ta iska, kamar yadda gidan rediyo yake watsa shirye-shirye, sai dai zangonsa gajere ne. Bangon siminti yana rage masa ƙarfi, shi ya sa makaranta mai bene ko mai ajujuwa da yawa take buƙatar akwati fiye da ɗaya.

Amfani na farko shi ne sauƙin kuɗi. Duk wanda ya taɓa kasuwanci ya san sari ya fi sayen ɗai-ɗai araha. Idan malamai 15 kowa yana sayen data a wayarsa don shirya darasi, abin da suke kashewa a wata zai iya zarce kuɗin layi ɗaya da kowa zai sha daga gare shi. Haka kuma ba sai an fasa bango an binne wayoyi ba, wanda ke da muhimmanci ga makarantun zango masu zaman haya.

Na biyu shi ne littattafai. A makarantunmu da yawa yara uku ko huɗu ke haɗuwa a kan littafi ɗaya. Da Wi-Fi, malami zai iya sauko da tsofaffin tambayoyin BECE da WASSCE, ya kuma nuna wa yara bidiyon gwajin kimiyya ko da babu ɗakin gwaji. Cibiyar CENDLOS ta gwamnati ta sanya wani akwati mai suna iBox a wasu makarantun sakandare. An loda masa darussa, kuma ɗalibai suna shiga ta Wi-Fi ba tare da an sayi data ba.

Na uku, harkar makaranta kanta ta koma intanet. Sakamakon jarrabawar WAEC a intanet ake dubawa, haka ma sunan makarantar sakandaren da aka tura yaro. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, yaran zango da yawa sun samu shiga. A watan Maris na 2024 kuma gwamnati ta ƙaddamar da shirin raba wa ɗaliban sakandare kwamfutar hannu. Yaron da bai taɓa riƙe kwamfuta a firamare ba zai isa can yana bayan 'yan ajinsu. Mun ga irin wannan giɓi lokacin korona: an rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'yan firamare ba su koma ba sai Janairun 2021, kuma waɗanda gidajensu ke da intanet ne suka fi ci gaba da karatu.

Tsoron da iyaye ke yi ba na banza ba ne, domin intanet kasuwa ce, akwai mai kyau akwai ruɓaɓɓe. Amma Wi-Fi na makaranta ya fi wayar da yaro yake ɓoyewa a ɗaki sauƙin tsarewa. Ana iya sa masa kalmar sirri, a toshe shafukan batsa da na caca, a kuma saita shi ya mutu da zarar an tashi. Dokar tsaron intanet ta Gana ta 2020 ma ta tanadi hukunci ga masu yaudarar yara ta intanet.

Don haka kafin mu ba da ko sidi ɗaya, mu tambayi shugaban makaranta abu huɗu. Wa zai riƙa biyan kuɗin wata-wata bayan an kafa? Me aka tanada idan an ɗauke wuta, batir ko sola? Wane malami ne aka horar ya kula da shi? Waɗanne shafuka aka toshe? Idan babu amsa, akwatin zai zama ado a bango cikin 'yan watanni.

Makarantunmu da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na hukumar GES su ma suna da haƙƙin neman wannan. Muna kira ga sarakuna da kwamitocin iyaye su rubuta buƙatarsu, su kai wa ofishin ilimi na gunduma da ɗan majalisarsu, su kuma bi sawu. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.