Illo: Wa zai yi wa tarihi wakafi?

Kwanakin baya ta'aziyya ta kai ni garin Illo da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi. Bayan an shafa fatiha, sai wani dattijo ya ja ni ya nuna mini wani tsohon zaure na ƙasa wanda aka riga aka yaye wa rufi, ga azarorin giginya a jibge a gefe, ga kuma bulon siminti na jiran magina. Ya ce a nan kakansa yake saukar da fatake, amma magada sun yanke shawarar a mayar da wurin shaguna. Na ce, “Baba, me ya hana a gyara shi?” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, yaɓen shekara guda bai kai kuɗin ragon layyarka ba, amma wa zai bayar?” Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Mai karatu, Illo ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Ita da Busa da Nikki su ne manyan masarautu uku na ƙasar Borgu, waɗanda labarin baka ya danganta asalinsu da Kisra. Ta wannan yanki ne ayarin fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro suke tsallaka Kogin Kwara, ta nan kuma gishirin Foga yake bi zuwa kudu. Wato ƙarni da dama kafin a san wani abu wai shi fasfo, Bakano da Badendi da Bakyange da Bafillace sun san juna a wannan mashigi. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a birnin Faris a watan Yunin 1898 ce ta tsaga Borgu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, daga bisani Turawan suka cire Illo suka haɗa ta da masarautar Gwandu. Ita kuwa tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, tana ƙarƙashin ruwa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 aka tayar da sama da mutum 40,000. Ke nan a ɓangarenmu na iyaka, cikin garuruwan nan uku, Illo kaɗai ta rage a mazauninta. Busa ruwa ne ya ci ta da izinin gwamnati, Illo kuwa mu ne muke cinye ta da kanmu, zaure bayan zaure, ba tare da ko takarda ta shaida ba.

Ba gine-gine kaɗai ke tafiya ba. Duk wanda ya bi hanyar Ka'oje ko ta Tsamiya zai yi ta cin karo da buhunan gawayi a bakin titi, kuma kowane buhu wata ƙirya ce ko kaɗanya da ta kwanta. Madobiya kuwa, saboda yadda kasuwar Sin ta yi mata rubdugu a Afirka ta Yamma, sai da aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Ban ga laifin talakan da ya sari ice don ya ci abinci ba. Laifin namu ne, mu da muka yi boko muka san abin da ake asara.

Mutanen Arewa ba marowata ba ne, kowa ya shaida. A kira gidauniyar masallaci ko ta Islamiyya, za ka ga alheri har ka yi mamaki, kuma Allah Ya saka wa masu bayarwa. Amma ka ce a taimaka a yi wa tsohon soro yaɓe, ko a biya mai gadin kurmi, sai a yi maka kallon wanda ya ɗauko al'adar Nasara. Alhali kuwa abin namu ne tun asali. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa al'umma. Sayyidina Umar ya keɓe makiyayar Rabaza. Kalmar nan “hurumi” da ke bakinmu daga wannan fiƙihu ta fito, kuma Malam Abdullahi na Gwandu, wanda yankin Bagudo ke ƙarƙashin masarautar zuriyarsa a yau, ya yi rubutu kan hukunce-hukuncen ƙasa da raya ta a littafinsa Ta'alimur Radi. Idan rijiya ta cancanci wakafi, ban ga abin da zai hana fadama ko burtali ko gidan da ke ɗauke da tarihin gari su cancanta ba.

Don a ga abin da ke faruwa idan aka bar wa baƙi wannan nauyi, sai mu leƙa tsallaken iyaka. Arewacin Jamhuriyar Benin, ba da nisa ƙwarai daga Illo ba, nan ne Gandun Dajin W, wanda ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso. UNESCO ta sanya ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, ta faɗaɗa shi a 2017 ya haɗa da Arli da Panjari. A wannan haɗaɗɗen daji ne mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma suke. Gwamnatin Benin ta miƙa kula da Panjari ga ƙungiyar African Parks a 2017, ta ƙara mata da W a 2020, kuma a 2018 aka yi shelar tallafin sama da dala miliyan 23 domin Panjari, tare da Gidauniyar Wyss da National Geographic. An yi aiki, ba a musu. To amma makiyayi da mafarauci da manomin da aka taƙaita musu shiga dajin da suka gada, da yawansu sun ɗauki wurin a matsayin kayan wasu, kuma irin wannan ƙorafi ne 'yan ta'adda ke neman sa. A watan Fabrairun 2022 nakiyoyi suka hallaka mutum 9 a cikin W, akasarinsu ma'aikatan gandun. A ganina, dajin da ɗan gari bai zuba ko sisi a cikinsa ba, bai kuma ga ko sisi daga cikinsa ba, da wuya ya tsaya ya kare shi.

Na san za a ce mini ana fama da matsalar tsaro da tsadar abinci, ina ake ta tarihi? Na yarda ciki ne gaba. Sai dai ginin ƙasa ba ya jiran a gama yaƙi, damina biyu ba yaɓe ta isa. Kuma ba biliyoyi yake nema ba. Babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka gina a siffarsa ta yanzu a 1907, yana tsaye ne saboda duk shekara mutanen gari suna yi masa aikin gayya.

Kirana ga 'yan Bagudo da ke Abuja da Kaduna da Sakkwato, likitoci da lauyoyi da jami'an kwastan da 'yan kasuwa, shi ne a kafa asusun wakafi ƙarƙashin amintattu daga sarakunan yankin da malamai da wakilan makiyaya da masunta. Kada a yi bikin ƙaddamarwa, domin mun sha ganin alƙawuran miliyoyin da suka ƙare a bakin lasifika. Kowa ya sa abin da zai iya duk wata, a riƙa liƙa lissafi a ƙofar masallacin Juma'a. A fara da ƙidayar tsofaffin gidaje tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, a naɗi muryoyin dattawa, musamman masu jin harshen Kyanga da ke ja da baya, a biya maginan gargajiya su koyar da yara, a kuma tuntuɓi fadar Nikki, wadda har yau take tara jama'ar Borgu a bikin Gani.

Kafin in baro Illo na koma wajen dattijon nan na tambaye shi ko magada za su saurara idan an sami mai biyan yaɓe. Ya ce wannan zauren kam ya riga ya tafi, amma akwai wasu biyu a bayan kasuwa, kuma ɗayan har yanzu da rufinsa.