Sanyin Bomo, Murhun Mutanen Tsauni, da Kaskon da Ya Kusa Kashe Mu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Abin da ya jawo maganar yau, shekaranjiya da daddare muna zaune a teburin mai shayi a Samaru, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, sai wani abokina ya miƙo mini waya. Bidiyo ne a YouTube. Wani Bature yana zaune shi kaɗai a ɗan gidan katako kan tsauni, dusar ƙanƙara ta rufe komai har bakin taga. Da safe ya ɗaura wasu dogayen alluna a ƙafa ya haye dutse, ya zamo ƙasa kamar walƙiya. Da yamma ya dawo ya cusa itace cikin murhun ƙarfe, ya rufe ƙofa ruf, ya bi lafiyar gado. Abokin nawa ya yi dariya ya ce, "To ai mu ma haka muke yi da kasko, murhunsa ne kawai ya fi namu tsada."

Ban yi dariya ba, domin wallahi ba haka ba ne. Kuma ni da jikina na gano bambancin. Amma bari mu fara da su tukuna.

Wannan zamiyar da suke yi, sunanta ski, kuma iri biyu ce. Akwai ta wuraren shaƙatawa, inda inji ke ɗaukar mutum ya kai shi sama, ya biya kuɗi ya zamo ta hanyar da aka share. Akwai kuma ta daji, irin ta mutumin bidiyon nan, inda babu inji, babu hanya, babu mai gadi. Da ƙafarka za ka hau. Za ku ce yaya mutum zai hau tudu da abin da aka yi don santsi? Wata fata suke mannawa a ƙarƙashin allon, gashinta duk ya kwanta ta fuska ɗaya. In ka tura ƙafa gaba sai ta sulale, in za ta koma baya sai gashin ya miƙe ya cije ƙanƙarar. Ku shafi bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya, sannan ku shafo baya, za ku gane. In an kai sama sai a ɓalle fatar a sa a jaka, a juyo.

Haɗarinsu babba shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Gefen dutse guda sai ya ɓallo ya binne mutum. Shi ya sa masu hankali cikinsu ba sa fita sai da abu uku: na'urar da ke aika sigina daga jikin wanda ya nutse, doguwar sanda ta lalube, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yana rayuwa. Bayan nan kuwa, sai addu'a.

Kada ku ɗauka sai a Turai. A Maroko akwai Oukaimeden, kan tsaunukan Atlas kusa da Marrakesh, sama da mita 2,600, ana zamiyar nan a can. A Lesotho ma akwai, sai dai su sanyinsu daga Yuni ne zuwa Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina. Tsawo ne ke kawo sanyin. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Mu nan Samaru da Bomo muna kusan mita 700 sama da teku. Jos ta haura 1,200, shi ya sa ɗan Jos ke yi mana dariya in muka ce muna jin sanyi. Mambila ta kai wajen 1,600, kuma Chappal Waddi, wuri mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. A Nijar, duwatsun Bagzan na ƙasar Agadas sun ɗan wuce 2,000. Mu dai Kufena muke da shi, kuma ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ku ga ƙanƙara a kansa ba.

To amma sanyinmu ma ba wasa ba ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, ta ratso Sahara busasshiya, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Da yake babu gajimare kuma babu danshi a iska, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere sama da dare, babu abin da zai tare shi. Shi ya sa da azahar za ka cire riga, da asuba kuma ruwan alwala ya zama abokin gaba. A Disamba da Janairu ma'auni kan sauko ƙasa da digiri 15 da asuba a nan Zariya. Mutumin Nowe zai ce wannan ai bazara ce. Amma shi bangon gidansa da rufinsa cike suke da abin tare sanyi, mu kuwa bulo ne da kwano, wani ɗakin ko silin babu. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya na gefen fadamar Bomo ya san abin da nake faɗa.

A irin ɗakin nan abin ya same ni. Shekarata ta biyu a jami'a, mu biyu a ɗaki ɗaya. Wani dare aka yi muku-mukun da ya sa ko karnuka sun yi shiru. Muka sayo gawayi, muka hura a waje, muka jira har hayaƙi ya ƙare garwashi ya yi jawur, domin haka muka taso muna ji: in hayaƙin ya fita, shi ke nan. Muka shigo da kaskon, muka rufe taga, muka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ɗaki ya yi daɗi. Muka kwanta.

Abin da na tuna, na farka kaina kamar ana sara da gatari. Na so in tashi, ƙafafuna suka ƙi. Abokina ya yi amai a gefen katifa yana wani irin numfashi. Abin mamakin, ban ma ji tsoro ba, barci kawai nake so in koma. Allah ya sa matar mai gidan ta fito ɗora ruwan zafi kafin asuba, ta ji kakari, ta buga ƙofa tana cewa, "Yaran nan, lafiya? Ku buɗe!" Da rarrafe na kai ga sakata. Ita da ɗanta suka jawo mu tsakar gida. Ni na dawo hayyacina a nan, shi sai da aka kai shi asibiti aka sa masa oksijin. Har yau in na je gaishe ta sai ta ce, "Ɗana, an daina kwana da wuta ko?" Sai in ce, "Mama, an daina."

Abin da ya kama mu sunansa kabon monoksaid. In itace ko gawayi na ci kuma iska ta wadata, yawancin abin da ke fita ba shi da wannan dafin. In iska ta yi ƙaranci, kamar a rufaffen ɗaki, sai ƙonewar ta zama rabi da rabi, wannan iskar ta yawaita. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. In ta shiga huhu sai ta manne wa jini, kuma jini ya fi kama ta sau 200 da wani abu fiye da yadda yake kama oksijin. Kana numfashi, amma ƙwaƙwalwa da zuciya na shaƙewa. Kuma ku lura da wannan da kyau: garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Hayaƙi ai gata yake yi maka, shi ne zai sa ka tari ka buɗe ƙofa. Mun jira ɗan gargaɗin ya tafi, sannan muka kulle kanmu da makashin.

Yanzu ku dawo ga murhun Baturen can. Akwatin ƙarfe ne rufaffe, mai ƙofa, kuma daga kansa bututu ya miƙe ya huda rufi ya fita waje. Sirrin duk yana cikin bututun nan. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ta haye bututun da kanta, tana hawa tana zuƙo iskar ɗaki zuwa cikin wutar, sabuwa kuma na shigowa daga waje ta maye gurbi. Wato ƙarfen ne ke ba ɗaki ɗumi, dafin kuma ya bi sama. Kasko kuwa a cikin ɗakin yake shaƙa, a cikin ɗakin yake fesarwa, kai da shi kuna rabon iska ɗaya. Duk da haka su ma ba su saki jiki ba. Suna share bututun, domin kwaltar hayaƙi kan taru a ciki ta kama da wuta, kuma da yawa suna maƙala ƙararrawar da ke ihu in ta ji kabon monoksaid.

Batun itace kuwa, abin nasu har ya so ya yi yawa. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, in ka sa shi a wuta ƙarfin wutar zai tafi wajen tafasa ruwan, sai hayaƙi ba ɗumi. Don haka sukan faskara tun sanyi bai gama wucewa ba, su jera shi ya sha iska watanni, sai danshin ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Nowe wani marubuci, Lars Mytting, ya fitar da littafi a 2011 kan saran itace da jera shi da busar da shi kawai, aka yi ta rububinsa. A 2013 gidan talabijin ɗin ƙasar, NRK, ya yi shirin awa 12 kan itacen wuta, yawancinsa wuta ce kawai ake nunawa tana ci, mutane suka zauna suka kalla, har da gardama kan ko ɓawon sama zai kalla ko ƙasa in ana jerawa. Ita kanta kalmar ski, a tsohon yarensu, faskararren itace take nufi.

Wani zai ce, to kakanninmu ai da wuta suke kwana a ɗaki, me ya sa ba su ƙare ba? Tambaya mai kyau. Ku duba ɗakin nasu. Jinka ce ta ciyawa, iska na ratsa ta ta ko'ina, bakin ƙofa kuma tufaniya ce ko asabari. Hayaƙi ya cinye musu ido da ƙirji, wannan gaskiya ne, kuma har yau yana ci: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne suka mutu a 2020 sanadin gurɓatar iskar cikin gida. Amma ɗakin yana numfashi. Masu soro kuwa, katangar ƙasa mai kauri takan sha rana ta riƙe, ta riƙa sakin ɗumin a hankali cikin dare, ba su cika buƙatar wuta ba ma. Mu muka ɗauko al'adar ɗakin jinka muka shigo da ita ɗakin siminti mai tagar gilas, muka ƙara da tsumma a ƙasan ƙofa.

Har gadon ɗumi muna da shi fa, gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, wanda masu jego ke kwanciya a kai. Mutanen arewacin Sin suna da irinsa, suna ce masa kang, sai dai nasu hayaƙin ta cikin gadon yake bi ya fita waje ta bututu. Namu a ɗaki yake tsayawa. A nan Zariya ne ma, a shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry na asibitin koyarwa na ABU suka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da zafin gadon nan da wankan jego da kunun kanwa. Wannan shiri ne guda, za mu zo kansa wata rana.

To me za a yi da sanyin? Ni abin da nake yi yanzu na koyo ne daga masu hawan tsaunin: jiki ake ɗumamawa, ba ɗaki ba. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu ce ke riƙe ɗumi. Hula, safa. Kada katifa ta zauna kan siminti tsirara, ƙasa ce ke zuƙe ɗumin mutum, ko kwali ne a shimfiɗa a ƙarƙashi. A zuba ruwan zafi, ba tafasasshe ba, a jarka mai murfi, a naɗe da zane a tura cikin bargo. In dole sai an ji ɗumin kasko, a ji shi a tsakar gida ko ƙofa a buɗe, kuma kafin kowa ya rufe ido a fitar da shi waje. Ba kusa da gidan sauro ba, ba inda yaro zai yi tuntuɓe ba. Janareto ma dafin nan yake fitarwa, kada a tayar da shi a ɗaki ko a baranda kusa da taga.

In kuka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi tare da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a daren da aka kwana da wuta, kada ku ce maleriya ce ko abincin jiya. Ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da su sarari, ku nemi abin hawa zuwa asibiti ku gaya musu an kwana da gawayi. Manja da madara ba sa komai a nan, kuma ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu a baki shaƙe shi zai yi. Mai ciki da jariri a kai su ko da sun nuna sun warware.

Na so in nemi maƙeri a Sabon Gari mu gwada haɗa ƙaramin murhu mai bututu da rabin duro, mu ga nawa zai ci. In akwai mai walda cikin masu bin wannan shafin, ya yi mana magana, zan zo da duron.