Ƙaramin Tsibiri Ya Ci Zinari

Kowace shekara 4, ƙasashen duniya suna taruwa a gari guda don yin manyan wasanni. Sunan wasannin Olampik. Ana yin gudu, da tsalle, da dambe, da kokowa, da iyo, da sauran wasanni masu yawa. Wanda ya zo na farko yana samun lambar zinari. Na biyu azurfa, na uku tagulla.

A shekarar 2024 an yi su a Pari, babban birnin Faransa, daga ran 26 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta. Ƙasashe wajen 200 suka zo. Amurka kaɗai ta kawo ƴan wasa kusan 600. Wata ƙasa kuwa, Santa Lusiya, mutum 4 tak ta kawo.

Ina Santa Lusiya take?

Tsibiri ce. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Tana cikin tekun Karayib, kudu maso gabas da Amurka. Tsawonta kilomita 43 ne kawai. Mutanenta wajen 180,000 ne, wato ba su kai mutanen garin Maraɗi ba. Yawancinsu baƙar fata ne, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka zamanin cinikin bayi. Suna noman ayaba, suna kamun kifi, suna karɓar baƙi masu yawon buɗe ido. Faransa da Ingila sun daɗe suna gardama a kan tsibirin. A 1979 ya sami mulkin kai daga hannun Ingila.

Santa Lusiya ta fara zuwa Olampik a 1996. Tun daga lokacin har kafin 2024 ta yi ta zuwa, tana komawa hannu banza.

Yaya ƙaramar ƙasa take shiga?

Ba kowa ne ake bari ya shiga ba. Sai ɗan wasa ya kai wani mataki da aka tsaida. Ƙasa mai mutane kaɗan da kuɗi kaɗan, da wuya ta sami masu kai wannan mataki. Saboda haka hukumar Olampik ta ware wasu wurare, musamman a gudu da iyo, don kada a bar wata ƙasa a baya. Tana kuma taimaka wa wasu ƴan wasa da kuɗin horo.

Cikin mutum 4 na Santa Lusiya, biyu masu gudu ne, ɗaya mai iyo, ɗaya mai tuƙin jirgin ruwa. Amma mace guda da ke cikinsu ba alfarma aka yi mata ba. Da ƙafarta ta sami wuri.

Julien Alfred

Sunanta ke nan. An haife ta a 2001 kusa da Kastri, babban birnin ƙasar. Tana ƙarama takan yi gudu ba takalmi. Tana da shekara 12 mahaifinta ya rasu. Baƙin ciki ya sa ta daina gudu, sai da malaminta na wasa ya lallashe ta ta koma.

Tana da shekara 14 ta bar gida ta tafi Jamaika, wani tsibiri da ya shahara wajen gudu. Daga can ta wuce jami'ar Tekzas a Amurka. Wannan shi ne ciwon ƙananan tsibirai. Yaro mai baiwa, in yana son ya yi nisa, sai ya bar uwa da dangi tun yana ɗanye, don kayan horo da ƙwararrun malamai ba su wadata a gida ba.

Ran 3 ga Agusta da dare aka yi gudun ƙarshe na mita 100 na mata. Ana ruwan sama. Mutane da yawa sun sa ran Sha'Carri Richardson ta Amurka za ta ci, don ita ce zakarar duniya ta 2023. Da aka buga bindigar tashi, Julien ta yi gaba, ba wadda ta kamo ta. Ta gama cikin sakan 10.72, wato ko sakan 11 ba ta cika ba. A can Kastri jama'a sun taru a fili suna kallo, suka ɓarke da ihu da rawa.

Bayan kwana 3 ta sake cin azurfa a mita 200.

A daren da ta ci zinari, maƙwabciyarsu Dominika ma ta sami lambarta ta farko. Mutanen Dominika wajen 70,000 ne. Thea LaFond ce ta ci musu zinari a tsallen taku uku, da mita 15.02.

Maganar fili

Da ƴan jarida suka tambayi Julien, ta ce tana fata nasarar ta sa a gina wa yaran ƙasarta filin wasa mai kyau. Maganar tana da tushe. A 2009 gobara ta cinye wani babban asibiti a kudancin tsibirin. Sai aka kwashe marasa lafiya aka kai su babban filin wasa na ƙasa. Asibitin ya yi fiye da shekara 10 a cikin filin.

Da ta koma gida, gwamnati ta ba ta kyautar kuɗi da fili na gina gida. An kuma ba da hutu a ƙasa duka ran 27 ga Satumba 2024, aka kira ranar da sunanta.