Amsoshin Wasiƙunku: Wace Takardar Ado Zan Saro?

Wani mai sauraronmu, ɗan tireda a Tsafe, ya rubuto yana cewa: "Duk ƙarshen shekara 'yan makaranta da matan coci na neman takardun ado a wurina. Wacce zan saro don kada jarina ya kwanta?"

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Kirsimeti dai ranar 25 ga Disamba take, tsakiyar hunturu ke nan. Takarda mai launi marar kauri ta cikin ɗaki ce kawai, a waje kwana ɗaya iska ta yayyage ta. Don adon waje sai kwali da zare mai ƙarfi. Ja da kore aka fi nema. Haɗa da almakashi da gam, amma kada ka jibgi gam, yakan bushe.

In ka shiga Gusau sari, ƙara yawan kore da fari, domin abin da ya yi kwantai zai fita lokacin Mauludi, da yara ke yin tutoci. Sai dai ka ƙulle shi a leda, bisa kanta, saboda gara da danshin damina. Kuma ka ja kunnen masu saye, kada su rataye takarda kusa da fitila ko kyandir, gobarar hunturu ba ta da sauƙi.

Allah ya ba da kasuwa.