Ladi Kwali da Randar da Ta Daina Sanyaya Ruwa

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga wata mata ta duƙufa tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, mutuniyar garin Kwali da ke cikin yankin Babban Birnin Tarayya a yau. Labarinta ya isa ya nuna wa mai karatu yadda mulkin mallaka ya taɓa sana'o'in gargajiya, ko da a inda Bature ya zo da kyakkyawar niyya.

A ƙasar Gwari, wato Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, ginin tukwane aikin mata ne tun kaka da kakanni. Yarinya takan koya a gida. Da hannu ake ja da yumɓu, maginiya tana kewaya tukunyar har ta tashi, sa'an nan a tsaga mata zanen kunama, ko ƙadangare, ko kifi, a toya ta a fili da itace da busasshiyar ciyawa. Haka Ladi ta koya, har ta yi fice, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye tukwanenta a fada. Abujar da muke nufi ita ce ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu, wadda Turawa suka ci a 1902.

A fadar ne wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya ga aikinta a 1950. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauko shi don ya kafa sana'ar tangaran irin ta zamani, ya kuwa buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja. Ya kawo keken gini mai juyawa, da matoya mai zafin da ya wuce digiri 1,200, da wani shafe mai ƙyalli. Abin lura a nan shi ne, waɗanda aka fara ɗauka maza ne. Sana'ar da take hannun mata, da gwamnati ta sa mata albashi, sai ta koma ta maza. Ladi ba ta shiga ba sai a 1954, ita ce kuwa mace ta farko.

Gaskiya ɗaya ce, Cardew bai raina aikin matan Gwari ba, ya yaba shi ƙwarai. Ladi ma ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, sai dai yanzu ana shafa musu ƙyalli, a toya su a sabuwar matoya. To, a nan gizo yake saƙar. Randar gargajiya tana tsatsafo, iska na busar da gumin da ke jikinta, shi ya sa ruwan ciki yake sanyi ko da rana ta take. Wadda aka toshe jikinta da ƙyalli kuwa ba ta gumi, ga nauyi, ga tsada. Ta yi kyaun gani, amma ta tashi daga aikin da aka san randa da shi. Matar ƙauye ba ta da abin yi da ita, sai masu kuɗi da masu sha'awar kayan ado.

Ladi kam ta sami ɗaukaka. An nuna aikinta a Landan tun 1958, Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ba mai ƙyashin wannan, ta cancanta. Amma sai da Landan ta yaba tukuna jami'armu ta waiwaye ta, kuma ɗimbin matan da suka gina tukwanen da ƙasar Gwari ta yi girki da su, ba wanda ya rubuta sunansu.

Allah ya yi mata rasuwa a Minna a 1984. Wasu daga cikin tukwanenta suna gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, inda ba mai zuba musu ko moɗa guda ta ruwa.